WASIƘAR AKAWU DAGA GUMMI: MUDUN ILMI BA ƊAYA BA NE

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni fili kamar yadda ka saba. Na yi wa masu karatu alkawari wannan mako zan yi maganar hanyar mota daga Daki Takwas zuwa Anka, amma wani abu ya auku a gabana wanda ya hana ni sakat, don haka na ajiye zancen hanya sai wani jiƙo. Wanda ya jira, ya yi mini gafara.

Ran wata Litinin ina zaune a ofis ina shigar da wasiƙu cikin littafi, sai ga wani dattijo daga ƙasar Bukkuyum, aminin mahaifina tun suna samari, ɗansa na biye da shi riƙe da ambulan. Na tashi na gaishe shi, na ba shi kujera, yaron ya rakuɓe gefe. Bayan mun taɓa zancen damina da na zaman lafiya, sai ya ce, "Ɗana, duba mani takardag ga. Yaro ya karanta mani, amma na ga kamar yana rage wani abu. Mi mutanen nan sunka ce?"

Na ce, "To, Baba." Na warware, na karanta har sau biyu. Wasiƙa ce daga wata jami'a ta ƙasar Turai. Sun ce sun yi murna da karɓar yaron, amma aji ɗaya zai shiga. Cikin dukan darussan da ya yi shekara biyu yana karantawa a wata jami'a ta nan gida, uku kaɗai suka yarda su ɗauke masa. Na rasa ta inda zan fara, na dai faɗa masa gaskiya.

Dattijo ya yi shiru, can ya ce, "Aji ɗaya? Dillali ce mani ya yi aji ukku za shi shiga, shekara guda ya ƙare ya komo. Bisa wannan magana na saida shanun huɗa biyu na ba shi, yanzu kuma gonar fadama nika shirin jinginarwa." Yaron kuwa, idonsa cike da ƙwalla, ya ce mini, "Yaya, yunit 76 na ci, ban faɗi ko ɗaya ba. Ina suka tafi?"

Wannan tambaya ita ta sa na ɗauki alƙalami, gama na tabbata ba wannan gida kaɗai abin ya shafa ba. Tun yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba, samari da yawa a Anka da Gummi da Bukkuyum hankalinsu ya koma ga fita waje. Iyaye kuwa suna ta sayar da abin hannunsu, ba su san irin mudun da za a auna 'ya'yansu da shi can ba.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Wanda ya sayi gero a kasuwar Gummi ya kai Gusau ko Jega, ya san ba a karɓar lissafinsa da ka, sai an sake awo. Ba tuhumarsa ake yi da ƙarya ba, kowace kasuwa ce da al'adarta, wata a cika har da tsororuwa, wata a shafe baki. In ya ce tiya arba'in ya ɗauko, sai a ce masa, "Tiyar ina?" To, haka ilmin jami'a yake. Su ma suna da mudu, sunansa kiredit, ɗalibanmu sun fi kiransa yunit, kowace ƙasa kuwa da girman nata.

A zamanin kakanninmu babu wannan wahala, don mudun guda ne. Sa'ad da aka aika da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau Landan a 1945 su ƙaro ilmin koyarwa, Malam Aminu Kano ya bi bayansu a 1946, gwamnati ce ta zaɓa, ta aika, ta biya. Kwalejin Ibadan ma da aka buɗe a 1948, digirin Jami'ar Landan take bayarwa, sai a 1962 ta tsaya da ƙafarta. Yau kuwa ƙofofi sun yi yawa, daga Masar har Indiya, daga Malesiya har Kanada, kowace ƙofa da mai awo zaune bakinta.

Asalin wannan awo daga Amurka ya bunƙasa. A 1906 wata gidauniya da attajirin nan Andrew Carnegie ya kafa ta yi niyyar biyan tsofaffin malaman jami'a fansho. Sai ta ga ba ta iya rarrabe jami'ar gaske da makarantar da ta ari suna kawai, sai da ma'auni. Ta ce darasi guda na sakandare, in an yi awa 120 ana koyar da shi cikin shekara, shi ne awo ɗaya, jami'ar da ke son fansho kuwa ta nemi adadi kaza daga yaron da za ta ɗauka. Da haka lissafin ilmi da sa'o'i ya kafu. 'Yan'uwana akawuna, ku duba, ashe maganar fansho na cikin abin da ya haifi mudun nan! Har yau a Amurka kiredit ɗaya shi ne awa ɗaya a aji kowane mako, da wajen awa biyu na nazari a ɗaki, har kamar mako 15. Digirin farko kuwa akasari kiredit 120 ne cikin shekara huɗu.

Mu a Nijeriya irin wannan muka ɗauka. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, wadda aka kafa a 1962, ita ke riƙe da mudun. Ta fito da ƙa'idodin karatu a 1989, ta sabunta su a 2007, ta sake sabunta su a Disamba 2022. Yunit ɗaya shi ne awa ɗaya ta lacca kowane mako har mako 15, ko awa uku na aikin hannu a ɗakin gwaji kowane mako. Watau darasi mai yunit 3, awa 45 ke nan gaban malami. A zango guda ɗalibi yakan ɗauki daga yunit 15 zuwa 24. Digiri na shekara huɗu ba ya kasa yunit 120, na shekara biyar kamar injiniya ba ya kasa 150. Wannan ƙa'ida ita ke kan Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da aka kafa a 1975, ita ke kan Jami'ar Tarayya ta Gusau ta 2013, ita ke kan Jami'ar Jiha ta Talata Mafara ta 2018.

Ɗauke wa mutum karatun da ya riga ya yi ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamin da ya sami NCE a Kwalejin Ilmi ta Maru, ko wanda ya yi difloma a Kaura Namoda, in sakamakonsa ya yi kyau yakan shiga jami'a a aji biyu, ya yi yunit 90 maimakon 120. Abin da ya sa wannan ke tafiya sumul, mai bayarwa da mai karɓa duk sun san mudun juna. Da an ƙetare iyaka, sai sanayya ta ƙare.

Turai suna da nasu, ana ce da shi ECTS. An fara shi a 1989 don ɗalibansu masu kai da kawowa tsakanin ƙasashe, ya kuma yi ƙarfi bayan ministocin ilmi na ƙasa 29 sun sa hannu kan yarjejeniya a birnin Bologna na Italiya a 1999. A nan ne babban bambanci yake. Mu zaman aji muke ƙirgawa, su kuwa dukan wahalar ɗalibi suke ƙirgawa, da lacca, da zaman laburare, da rubutun gida, da jarrabawa. Suka ce aikin shekara guda awa 1,500 ne zuwa 1,800, suka raba shi kashi 60, kowane kashi ya tashi awa 25 zuwa 30. Digirin farko kiredit 180 ne cikin shekara uku, ko 240 cikin huɗu.

Ingila kuma ta riƙe nata dabam. Kiredit ɗaya gare su awa 10 ne na ƙoƙarin ɗalibi, shekara guda 120, digirin farko na shekara uku 360, digiri na biyu na shekara guda 180. Biyu nasu ke yin ɗaya na sauran Turai. Maƙwabtanmu na Nijar, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, tsarin Faransa suke bi, kiredit 30 kowane zango, 180 cikin shekara uku a sami digirin farko. Ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suna da majalisa guda mai duba darajar takardunsu, CAMES, tun 1968, mazauninta Wagadugu.

Yanzu ku dubi abin mamaki. A ce samari huɗu sun haɗu a tasha, kowa ya ce 120 gare shi. Na Sakkwato ya cika mafi ƙarancin abin da ake nema na digiri. Na Amurka shi ma haka. Na Maraɗi ko na Faransa shekara biyu ya yi, saura masa ɗaya. Na Ingila kuwa shekara guda tak ya yi, ko rabi bai kai ba. Lamba ɗaya, kaya dabam dabam. Ko ba tiyar ina ba ke nan?

Wani zai ce, to a yi canji mana kamar na naira da sefa. Ina ma haka ne. Yaron da ya ɗauki yunit 30 a shekara a nan, da wanda ya ɗauki 40, a idon Turai kowannensu shekara guda ya yi, watau 60. Na farko an ninka masa biyu, na biyu ɗaya da rabi. Saboda haka duk wanda ya ce maka ga ƙayyadadden farashi na juya yunit ɗinmu zuwa nasu, ƙiyasi ya yi, ba doka ya faɗa ba.

Bayan yawan kaya, sai kyansa, watau maki. A tsarin da akasarin jami'o'inmu ke bi, 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2. Ana buga darajar da yawan yunit, a tara, a raba. Misali, yaro ya sami A a darasi mai yunit 3, ya sami 15. Ya sami C a mai yunit 2, ya sami 6. An tara 21, an raba da 5, ya tashi 4.2. Wannan in an haɗa na dukan zanguna shi ne CGPA. Daga 4.50 daraja ta ɗaya ce, daga 3.50 ta biyu babba, daga 2.40 ta biyu ƙarama. To, Amurka a kan 4 suke lissafi, 70 ɗin nan da muke yi wa murna kuwa a yawancin makarantunsu C ne, sai wajen 90 ake samun A. Faransa da Nijar bisa 20 suke ba da maki, 10 ce tsira. Jamus kuwa sun juya abin, 1 ita ce gaba da kowa, 4 ita ce ta ƙarshen masu ci. Yaronmu mai alfahari da 4.0, in takardarsa ta je ba da bayanin ma'auni ba, ya bar darajarsa ga fahimtar wanda bai san shi ba.

To, wa ke yanke hukunci? Nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Ba dillali ba ne, ba jami'ar da yaro ya baro ba ce, ba ma ofishin jakadanci ba. Jami'ar da za ta karɓe shi ita ke da magana ta ƙarshe. Gaskiya ne akwai yarjejeniyoyi. Ƙasashen Turai sun yi tasu a Lisbon a 1997, cewa a amince da takardar juna sai in an ga bambanci mai girma. Afirka ta yi tata a Addis Ababa a 2014. UNESCO ta yi ta duniya duka a 2019, ta fara aiki a 2023. Amma babu wadda ta ƙwace awo daga hannun mai kasuwa. Shi kuwa mai awon, tambaya biyar yake yi.

Ta fari, wa ya koyar? Sai ya duba ko hukumar ƙasar ta amince da jami'ar, da kuma shi kansa fannin da aka karanta. Ta biyu, me aka koyar? Sunan darasi da lambarsa ba su gaya wa kowa kome. Yana son ya ga babi babi abin da aka karanta, da awa nawa, da yadda aka yi jarrabawa, don ya gwada da nasu. Ta uku, a wane mataki? Yaronmu shekara 12 yake yi kafin jami'a, shida a firamare, shida a sakandare. Yaron Ingila 13 yake yi, shi ya sa digirinsu ya tsaya a shekara uku. Don haka ajinmu na ɗaya sau da yawa yakan tafi a madadin shekarar share fage, wanda ya yi shekara biyu a nan, in ya yi sa'a, a ga kamar ɗaya ya yi. Ta huɗu, nawa ya ci? Jami'o'in Amurka da yawa ba su ɗaukar darasin da aka sami ƙasa da C. Kuma ko duk ya yi kyau, jami'a ba ta yarda ta buga hatiminta kan wanda bai yi wani kaso mai kauri na karatun a hannunta ba. Ta biyar, wa ya aiko da takardar? Ba a karɓarta daga aljihun ɗalibi. Magatakardan jami'a ne zai aika da ita kai tsaye, a rufe da hatimi ko ta intanet. Wannan takarda mai jera darussa da yunit da maki ita ake kira tiranskirif. Akwai kuma ofisoshi da aikinsu ke nan su fassara awon wata ƙasa zuwa na wata, kamar WES da aka kafa a Amurka a 1974, da UK ENIC ta Ingila, wadda kafin 2021 ake kira NARIC. Su ma shawara suke bayarwa, kuma ba kyauta ba.

Da na binciki yaron nan namu, sai na tarar abin da dillali ya aika 'yan guntayen takardun sakamako ne da aka ɗauka hoto da waya, babu bayanin darasi ko ɗaya, babu hatimin magatakarda. Ga inda yunit 76 suka tafi. Ba su ɓace ba, shaida ce ba su samu ba.

Ni ba malami ba ne, a makarantar mishan aka rene ni, inda abin da aka fara hore mu da shi shi ne, abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Amma na zauna gaban malaman garinmu, na kuwa ga wannan al'amari ba Turawa suka fara shi ba. Almajirin da ya sauke littafi gaban shehinsa, akan ba shi ijaza, a ambaci littafin, a ambaci wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da shi shi ma, har a kai ga mawallafi. In ya yi tafiya wata ƙasa, da ita ake sanin matsayinsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu gare su da littattafan da ya karanta wajen kowannensu. Malamai, ku gyara mini in na yi kuskure, amma ni a ganina tambayoyin ba su sake ba: me ka karanta, wajen wa, wa ya shaida? Abin kunya ne jikokin masu ijaza su tafi neman ilmi hannu rabbana.

Akwai kuma ranar da ba a shirya mata ba. Sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Ukraine a Fabrairu 2022, da kuma Sudan a Afrilu 2023, an kwaso ɗalibanmu aka dawo da su gida, da yawa cikin na Sudan 'yan Arewa ne, wasu ta Masar suka biyo, wasu ta Port Sudan. Hukumar JAMB ta fito da hanyar shigar da su jami'o'in gida, amma ina za a zaunar da mutum in ba a san inda ya tsaya ba? Wanda ya saba karɓar sakamakonsa kowane zango yana ajiyewa, nasa ya zo da sauƙi. Wanda ya ce sai ya gama ya karɓa gaba ɗaya, ya bar shaidarsa cikin ofishin da ba mai iya shiga. Hukumar likitoci ta ƙasa kuma ta faɗa a 2022 ba ta yarda da karatun likita da aka yi ta intanet ba. Bashi ma yakan yi abin da yaƙi ke yi. A 2024 jaridu sun ba da labarin ɗaliban jiharmu a Cyprus waɗanda bashin kuɗin makaranta ya sa cikin wahala. Kowa ya sani jami'a ba ta sakin takarda sai an biya ta, ko da yaro ya fi kowa ƙoƙari.

Kada kuma a manta, awo biyu ne, na tafiya da na dawowa. Wanda ya yi digiri a waje, sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardarsa kafin ya tafi bautar ƙasa. Likita sai ya sake zama jarrabawar hukumar likitoci. Lauya sai ya yi wani share fage kafin ya haɗu da 'yan'uwansa a Makarantar Lauyoyi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na Daily Nigerian, ya bayyana yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba. A Janairu 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo. Ku lissafa da kanku: in shekara guda awa 1,500 ce, mako shida kuwa ko mutum bai yi barci ba awa 1,008 ne, ta ina digiri zai shiga ciki? Mudun algus ya ja wa masu gaskiya da suka yi karatu a can tuhuma. Araha ba ta ado.

Saboda haka ga shawarata ga iyaye da samari. Kada a sayar da ko akuya sai jami'ar can ta rubuto da kanta, da hatiminta, cewa ga ajin da yaro zai shiga, ga darussan da ta ɗauke masa. Maganar dillali ba takarda ba ce, shi ladarsa yake nema, in yaro ya hau jirgi aikinsa ya ƙare. A tambayi Ma'aikatar Ilmi ko ta san jami'ar, a tambayi hukumar sana'ar ko za ta karɓi mai takardarta. Ɗalibi ya ajiye littafin tsarin karatu na sashensa na shekarar da ya shiga, gama ana sake shi, ya kuma ajiye takardar rajista da sakamakon kowane zango, kwafi ɗaya a akwati, ɗaya a intanet. Sunansa da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a takardar WAEC da ta jami'a da fasfo. Mu akawuna mun ga yadda Muhammad a nan, Mohammed a can, yakan tsare mutum wata da watanni. Ya nemi tiranskirif tun da sauran lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma ya riga ya kai tsakiyar kogi, ya yi tunani sosai kafin ya juya. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi da arha shi ne ya ƙare digirinsa a gida, sa'an nan ya fita neman na biyu, gama digiri cikakke ya fi guntu sauƙin aunawa.

Ina kuma roƙon shugabanninmu, Allah ya ja zamaninsu. Da ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum za su ware ma'aikaci ɗaya ɗaya a sashen ilmi, a koya masa wannan lissafi, ya zauna don amsa tambayar iyaye, da an tsare dukiya mai yawa. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, kafin ta aika da yaro ko'ina, ta sami yarjejeniya a rubuce, ta kuma tanadi kuɗin har ƙarshe. Jami'o'inmu su ma su taimaka da fitar da takardun nan kan lokaci, tare da bayanin ma'auninmu a bayansu. Ƙasar nan tamu, da gubar dalma ta haƙar zinariya ta kashe mana yara ɗaruruwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, tana bukatar likitoci da masanan ma'adinai 'ya'yanta na cikinta. Ba mu da shekarun da za mu zubar a hanya.

Kada in bar ku da zulumin dattijon nan. Na bayyana masa abin da na bayyana muku, da misalin tiya, ya kuwa gane tun kafin in rufe baki. Ya juya ga ɗansa ya ce, "Shekara nawa ta rage maka nan gida?" Yaro ya ce, "Biyu, Baba." Ya ce, "Can fa?" Ya ce, "Uku." Dattijo ya ce, "To, wane irin gudu ne wanga, wanda mai tafiya ƙasa ka riga ka isa?" Muka yi dariya, har da yaron. A nan muka zauna na taya shi rubuta wa shugaban sashensu wasiƙa, don dama bai janye sunansa ba tukuna, Allah ya taimake shi. Ya koma makaranta, na kuma ba shi wani tsohon fayil na ce ya fara tara takardunsa, in ya gama lafiya mu nemi inda zai yi digiri na biyu. Kuɗin shanu dai har yanzu ana bin dillali. Gonar fadama kuwa tana nan, Baba ya ce in shinkafa ta nuna zai aiko mini, na ce to, amma da tiyar Gummi za a auna.

Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar hanya. Haza wasalamu.

Ni ne naku,
Akawu, Gummi.